Ɓauren Mama Ozella

Ranar Talata da hantsi Mama Ozella ta zaga bayan bukkarta a Westside, unguwar baƙaƙen fata da ke tsallaken layin dogo a Las Vegas, sai ta tarar da rami a gurbin ɓaurenta. Daga kan kabarin mahaifiyarta a Louisiana ta yanko reshen, shekara biyu tana rainonsa. A zafin nan, wanda bai iya ba zai kashe shi kafin gobe.

Ta kai kuka wurin Hattie, wadda ƙofarta ke kallon famfo ɗaya tilo na unguwar. Hattie wanki take yi da sa ido, kuma ta fi ƙwarewa a na biyun.

Suka fara bincike da Lucius mai akuya.

"Akuyata ta iya shebur ne?" in ji shi.

Da gaskiyarsa, an yanke bakin ramin tsaf.

Sai Vernell, maƙwabciyar da suka taɓa cacar baki da Mama Ozella kan iyaka.

"Da ni ce, a gabanki zan tumɓuke shi, Mama. Kin san halina."

Hattie ta duba tsakar gidan Vernell, a share, a bushe ƙamas. Daga nan ta miƙe sai tantin Cleophus, sabon zuwa daga Louisiana.

"Ɗan'uwa, a masana'anta kake wanka, a shago kake cin abinci. Me gwauro zai yi da ruwa bokiti huɗu tun asuba?"

"Wanki."

"Ina shanyar?"

Hattie ta nuna ruwan da ya kwanta a bayan tantin.

"Ƙasarku ta can tana shanye ruwa. Ta nan akwai farin dutse a ƙarƙashinta, duk wanda ya daɗe sai ya fasa shi kafin ya yi dashe. Kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Ga ɓauren nan cikin taɓo, ganyensa ya langaɓe. Cleophus ya cire hula.

"Matata ce ta ƙi zuwa, Mama. Wai ba ta zama inda komai ba ya tsiro. Na so in aika mata ganye daga ƙofata, ba tare da na yi mata ƙarya ba."

Ran Mama Ozella ya ɓaci ƙwarai, amma ta ga itacen ba zai jure a sake cire shi ba. Ɓauren ya bar gidanta ke nan. Ta daɗe tana shafa shi.

"Ɗauko diga ka fasa dutsen ta gefensa," ta ce. "In ya farfaɗo, ganye ɗaya za ka tsinka, ba biyu ba."