Karin Guga a Bayan Maciji

"Mama! Me kika goge?!"

Auta ta ƙame a ƙofar shagon wankinsu, hannu a ƙirji. A kan teburin guga, tsakanin wandunan mutane, ga wata doguwar fata koriya an ninke ta tsaf, ta sha sitati har ta sandare.

"Cikin kayan Mai Kemis ta zo," in ji Mama, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ya ce a cika sitati, a ba ta wuta sosai. Ni ba na tambayar mutum abin da yake sawa."

"Fatar Dogo ce, Mama!"

Dutsen gugan ya tsaya cak.

A garin nan maciji ya zama mutum ba labari ba ne. Mutanen ƙarƙashin kogi sun daɗe suna haurowa neman aiki, su tuɓe fatarsu su ɓoye, su yini da ƙafa biyu kamar kowa. Dogo gyaran famfo yake yi. In bututu ya toshe, sai ya sa fatarsa ya shiga ya ga matsalar da idonsa. Kowa na son aikinsa, ba mai son ya zama surukinsa. Mutanen garin suna da kirki ƙwarai, amma kirkin a bakin ƙofa yake tsayawa.

Shi kuwa Mai Kemis ya daɗe yana kawo wa Mama maganin ciwon baya kyauta, yana jiran a gane Auta yake so. Da ya ga ba a gane ba, sai ya bi sawun Dogo, saurayin Auta, har bayan tankin ruwan da yake ɓoye fatar. A tunaninsa, in aka lalata ta a gidan su Auta, soyayya ta mutu.

Dogo ya iso a guje. Ya ɗauki fatar, ya gwada zura hannu. Ko gwiwar hannu ba ta kai ba.

"Ta tsuke," ya ce a hankali.

Ƙofar garinsu rami ce daidai kaurin maciji. Ba fata, ba gida, ba kakarsa da ta rene shi.

"Dogo... ka yafe mana..." in ji Auta.

"Ba komai, ƙanwata. Ba ke ba ce."

Ya yi murmushi irin na wanda aka taka wa ƙafa a cikin taro, ya fita.

Mama ta bi shi da kallo, sannan ta gyara ɗaurin zane.

"To ai shi ke nan. Yanzu ya zama mutum cikakke. In har kina son sa, na amince."

Duk zurfin karatun Mai Kemis, wannan bai zo masa a rai ba.

"A'a, Mama."

"A'a? Ba ke ce kika ƙi cin abinci a kansa ba?"

"Ba na son mijin da dutsen guga ya kamo min!"

Ta ɗauki fatar ta shige bayan shago. Ta jiƙa ta a baho har sitatin ya fita, ta turara ta a kan tukunya, ta bi ɓawon ɗaya bayan ɗaya da man shafawa, tana ja kaɗan-kaɗan don kada ta yage. Kwanaki suka shuɗe. Yatsunta suka saluɓe, kayan mutane suka taru, Mama na mita.

Wata rana da hantsi Dogo ya same ta tana shanya fatar a inuwa.

"Rabin raina, kin san in ta gyaru zan koma?"

"Na sani."

"Kaka kuma ta rantse, in na sake shigowa hannunta ba ni ba tudu."

"Na sani..."

"To ki bar ta haka mana! Ni fa na haƙura."

Ta juyo, idonta jawur.

"Ka haƙura yau. Gobe fa? Duk ranar da ka tsaya kana kallon kogi, ni zan ji kamar na sace ka. Gwada."

Ya gwada. Ta shiga. Ga maciji kore, kyakkyawa, sai dai karin guga ya miƙe sambal daga wuyansa har wutsiya, don aikin Mama ba ya gogewa. Ya ɗora kansa a tafin hannunta na ɗan lokaci, sannan ya sulale ta magudanar ruwa.

Sai da ya ɓace ta yi kukan.

Mai Kemis ya dawo da sabon magani da sabon turare. A ranar Mama ta ƙona masa riga, karo na farko a tarihin shagon, kuma ba ta ba da haƙuri ba.

Auta ta koma wanki. Ta daina kallon magudanar, sai dai sau da yawa a yini.

Ana nan wata safiya wata doguwar tsohuwa ta shigo, tana tangaɗi kamar ƙafafun na aro ne. Dogo na riƙe da kafaɗarta.

"Wace ce ta ja wa jikana layi a baya? Duk kogi sai dariya ake mana!"

"Ni ce," in ji Mama, "kuma layin bai karkace ba."

"Wace ce ta warware fatar?"

Auta ta matso.

Tsohuwar ta ƙare mata kallo, har yatsun.

"Rabona da tudu tun kafin a haifi uwarki. Na hauro in ga yarinyar da ta kama abu ta sake shi. Mu ba ma haka. In mun naɗe, mun naɗe."

Ta zaro wata tsohuwar fata mai nauyi daga ƙarƙashin mayafinta, ta ɗora a hannun Auta.

"Riƙe min, jikata. Ke kuma mai guga, kada ki matso da ƙarfen nan!"

Dogo ya sunkuyo kusa da kunnen Auta.

"Na dawo, rabin raina..."

"Da fatarka?"

"Da ita. Da ƙafata kuma."

Mama ta dubi ɗiyarta, ta dubi macizan biyu da suka cika mata shago. Ta yi ajiyar zuciya, ta kashe dutsen guga, ta jawo kujera.

"Zauna, Kaka, kafin ki faɗi. Maganar yaran nan ba ta tsaye ba ce."