Fentin da Ya Ƙi Kankaruwa

Duk wanda ya zauna Jibiya shekaru goma baya ya san Badaruddeen mai fenti. Ni Kalilu na san shi fiye da kowa, domin rumfata ta facin taya tana kallon ƙofar gidansu.

Aikinsa ba ya son gaggawa. In ka ba shi shago, sai ya yi kwana huɗu bai buɗe bokitin fenti ba. Zai kankare tsohon fenti har filasta ta fito, ya wanke gansakuka, ya cike kowace tsaga da siminti, ya goge da samfefa, ya jira bango ya bushe ƙarau, sannan ya yi shafin farko. Fentinsa kan ci damina biyar. Amma 'yan kasuwar kan iyaka ba su da wannan haƙurin. Sun fi son wanda zai lulluɓe datti a wuni ɗaya. Sai ya yi wata biyu tsaninsa na jingine.

Ranar da aka hana shi aikin wani sabon gidan mai a hanyar Maraɗi, ya zauna kan bencina ya ce, "Kalilu, na gaji da gaskiyar da ba ta ɗora tukunya."

Abin da ya biyo baya, shi ya faɗa mini da bakinsa, bayan bakin alƙalami ya bushe.

Da rana tsaka ya hau babur ya nausa dajin bayan ƙauyen Mazanya, wurin wani boka. Bukkar bokan tana gindin wata busasshiyar kuka, ko tsuntsu ba ya sauka a kanta. A ciki akwai tukwane bakwai a kife, da ƙahon rago naɗe da jan ƙyalle, da ƙwarya cike da baƙin ruwa mai motsi ba tare da an taɓa shi ba.

Bokan ya ce, "Mi kake so?"

"Aiki. In zama ba a kiran kowa sai ni. Amma ban da jini."

"Wa ya yi maka maganar jini?" Ya tsoma wani farin tsumma cikin ƙwaryar, ya fito da shi a bushe. "Zufa kawai. Ka share fuskar wanda kuke cin tukunya ɗaya, ka goga wa bango kafin fenti. Kowane gini, sabuwar zufa."

"Tawa ba za ta yi ba?"

"Taka kwaɗayi ya ɓata ta."

"Mi zai same su?"

Bokan ya yi dariya ba sauti. "Wa ka taɓa ji ya mutu don an share mashi zufa?"

Badaruddeen ya fara da ƙanensa Hussaini, direban babbar mota, ranar da ya dawo daga lodin hatsi jiki sharkaf. Shagon da ya fenta da tsumman ya yi sheƙi kamar an zuba masa mai, masu saye suka yi ta tururuwa. Kafin shekara, gidajen mai da rumbunan ajiya da jerin shaguna duk sai Badaruddeen. Ya daina kankara, ya daina cike tsaga. Tsumma kawai, sai fenti. Ya yi gidan bene, ya sayi motoci biyu.

Hussaini kuwa ya daina zufa. Ko a zafin bazara fatarsa a bushe take, har ta fara tsagewa tana ɓarewa. Asibiti suka rasa gane kansa, har ya cika. Da muka je wankan gawarsa, ruwa zamewa yake yi a jikin, ba ya kamawa.

Wallahi da ya tsaya nan, da da sauƙi. Amma ga kwangilar babban otel a hannu. Ya share fuskar matarsa Na'ima tana gindin murhu. Ta yi murmushi ta ce, "Yau kuma tausayina ake ji, Maigida?"

Wata uku bayan nan ta fara jin muryar Hussaini a cikin bango. Ta riƙa kartar ɗaki da farce har yatsunta suka yi jini, tana cewa, "Ku buɗe mashi, ba ya numfashi!"

Wata safiya ya tarar da ɗiyarsu Mufida, 'yar shekara shida, ta zaro tsumman daga aljihun rigarsa tana goge majina da shi.

Ya koma wurin boka a guje, ya faɗi ƙasa. "Ka karɓi komai, ka bar mini yarinyar!"

"Abin da tsumma ya sha, ya sha. In kana iyawa, je ka kankare duk bangon da ka shafa."

Ya je. Na gan shi da idona kan tsani, yana sarar bangon otel da gatari. Bakin gatarin ya lanƙwashe, fentin ko ƙwarzane bai yi ba. Yana kan tsanin aka zo aka gaya masa Mufida ta cika.

Dangin Na'ima suka tafi da ita ƙauyensu Riko a ɗaure. Gidan benen ya tsage gida biyu a daminar nan, ba wanda ya yarda ya sayi ko ƙofarsa. Badaruddeen yana nan da rai, a kangon yake zaune. In yara suka wuce sai ya ɓoye hannayensa a hammata yana kuka, kada su matso.

To, jama'a, ku ji tsoron Allah. Boka ba ya ba da kyauta, kuma ba ya karɓar abin da kake iya rabuwa da shi. Wanda ya raina halalinsa don ta yi jinkiri, da hannunsa zai haƙa kaburburan gidansa, kuma mutuwa ba za ta yi masa alfarmar ɗaukarsa da wuri ba.