Lemun da Ya Daɗe a Bokiti

"Ita kuma wannan ƙasar mene ne aibinta?" na tambaye shi, ganin ya zare allurar da ya soka a taswirar bangon falonmu.

Wai rijiyoyin can sun fara ƙafewa. Wadda ta gabace ta, ba a sayar wa baƙo fili. Ta kafin ita kuwa feshin kamfanoni ya kashe mata ƙudan zuma. Na ja tsaki na koma kan keken ɗinkina.

Mijina direban bas ne, amma Sarkin Noma nake ce masa, sarkin da gonarsa ba ta wuce barandar bene ba. Tun kafin aure burinsa ɗaya: mu sayi fili a ƙauyen wata ƙasa, mu yi noman da ke ciyar da kansa. Itatuwa su yi wa kayan lambu inuwa, kaji su tsince ƙwari, kashinsu ya koma taki, ruwan sama a tare shi a tafki. Da wannan zancen ya sace ni. Wallahi in yana faɗa har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa nake ji.

A makon aurenmu ya shuka ƙwallon lemu a bokitin fenti, ya ce shi za mu fara dasawa in mun isa.

Haihuwa ma ya ce sai mun isa.

"Zumata, ɗanmu ba zai koyi tafiya a kan siminti ba. Ki ɗan ƙara haƙuri..."

Na yi ta ƙarawa, ina haɗiye maganin hana ɗaukar ciki. Yayata ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce mijina mai ruwan ido ne, ko aljanna aka nuna masa sai ya tambayi zurfin rijiyarta, ni kuma ina zaman jiran gawon shanu. Na ce ba ta san shi ba ne. So hana ganin laifi.

Shekaru suka yi ta wucewa. Taswira ta cika da huji, lemu ya kai ƙirjina ya tsaya, bai taɓa fure ba. Ina ɗinka wa jariran mutane riguna, in ninke in miƙa, in shiga banɗaki in yi kukana.

Da al'adata ta fara wasa, na tafi asibiti ni kaɗai. Likitar ta daɗe tana duban sakamakon gwajin da aka yi min kafin ta dube ni. Ta ce ƙwayayen haihuwata sun ƙare da wuri, yakan faru da wasu mata. Da a shekarun baya na zo, da akwai abin yi.

Ban san yadda na hau benen ba.

Da la'asar ɗin ranar ya shigo da gudu, ko rigar aiki bai cire ba.

"Zumata, na samu! Wannan karon na zaɓa!"

Ya ja ni gaban taswira yana ta zuba. Baƙar ƙasa, rafin da ba ya ƙafewa, baƙo na iya mallaka da sunansa. Ga inda za mu kafa amyar zuma, ga ɗakin yara ta gabas, don rana ta riƙa tashinsu. Ya ce in zubar da maganin nan yau ɗin nan. Fuskarsa irin ta ranar da na fara ganinsa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ko tsanarsa na kasa yi.

Ya fita baranda ya kwantar da bokitin, ya zaro lemun don ya ga lafiyar saiwarsa. Na bi shi na tsaya a bakin ƙofa. Saiwar ta naɗe kanta, ta dunƙule ta yi siffar bokitin, ƙasar ma babu sai kaɗan. Ya taɓa ta da yatsa, murnarsa ta ragu.

"Kash... ya daɗe a bokiti. Ko an dasa shi yanzu ba zai yi 'ya'ya ba. Da tuntuni aka fitar da shi."

"Haka likita ta ce da ni yau."

Ya ɗago. Na ga lokacin da maganar ta isa inda za ta isa. Ya sulale ya zauna a kan simintin, lemun rungume a ƙirjinsa, ƙasa na zuba a kan rigar aikinsa.

"Zumata..."

"Ɗakin gabas ɗin," na ce, hawaye na shiga bakina, "ka sa kaji a ciki."