Kofin da Hazira Ta Ƙwace

Ranar da Hazira ta fara ganin Izwan ido da ido, a ɗakin alƙalan tsere ne, kuma ba alheri ne ya kawo shi ba. Ya shigo da kayan tserensa jiƙe sharkaf, gashi manne a goshi. A waje jama'a ba su daina kiran sunansa ba, domin ɗan gida ne ya ci babbar gasar tseren motoci a gida, abin da Malesiya ta daɗe tana jira.

Alƙalan huɗu ne. Uku dattawa ne baƙi da ke bin gasar ƙasa ƙasa. Ta huɗun, wadda ƙasar da ta karɓi baƙunci ke bayarwa, ita ce Hazira, matashiyar lauya, 'yar Kamarul mai gyaran babur a garin Nilai. Wannan ne zamanta na farko a babbar kujera.

Maganar ba ta da tsawo. Ana tsakiyar tsere ruwa ya kece, wata mota ta daki katanga, aka fito da motar kariya ta shiga gaba kowa ya bi ta a hankali har a kwashe tarkace. Doka ta ce ko motar kariya ta kauce, ba mai wuce wani sai an tsallake layi. Izwan yana na biyu. Dab da layin, hancin motarsa ya zarce na gabansa da abin da bai kai taki ɗaya ba, daga nan bai sake waiwayowa ba har ƙarshe.

"Na gabana ne ya taka mini birki da gangan," in ji Izwan. "Ko in kauce, ko in shige bayansa."

"Mun yarda ka kauce," in ji Hazira. "Bayan layin me ya hana ka mayar masa da gurbinsa?"

Sai a lokacin ya juyo ya dube ta sosai.

"Cik Hazira, kin taɓa jin filin nan kaf yana kiran sunanki?"

"Ban taɓa ba."

"To, shi ya hana."

Ta rubuta amsar tasa kamar yadda ya faɗa.

Aka ƙara masa daƙiƙa biyar a kan lokacinsa, ya faɗo daga na ɗaya zuwa na huɗu. Aka aika a karɓo kofin daga hannun mahaifiyarsa, wadda ke rungume da shi.

Sunaye huɗu ne a kan hukuncin, amma ɗaya kawai mutanen ƙasar suka iya furtawa. Kafin gari ya waye hoton Hazira ya gama wayoyi, an rubuta "maciya amana" a ƙasansa. Masana suka rabu biyu a talabijin, wasu na cewa doka doka ce, wasu na cewa wanda ya taka birki ya kamata a hukunta. Ƙungiyar Izwan ta ɗaukaka ƙara ta sha kaye. Wasu samari suka watsa jan fenti a ƙofar shagon mahaifinta.

Hazira ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta ci gaba da zuwa ofis, ta daina cin abinci a waje.

Bayan ƙura ta ɗan lafa, tana zaune a ofis da hantsi, saƙo ya shigo daga baƙuwar lamba.

"Assalamu alaikum, ranki ya daɗe. Wanda kuka mayar na huɗu ne ke magana. Na ji abin da aka yi wa shagon Pak Cik, mahaifinki. Ban sa kowa ba, amma da sunana aka yi. A ba ni izini in zo in goge."

Ta karanta sau biyu, ta amsa: "Shagon ba nawa ba ne. Ka tambayi mai shi."

Ranar Asabar ya zo da gwangwanin fenti, da hula har ido. Kamarul ya jawo kujera ya zauna yana kallo, yana kurɓar shayi, bai ce masa sannu ba sai da ya gama shafi na biyu.

"Ka bar gefen can," shi ne abin da ya fara ce masa.

Hazira ce ta fito masa da nasi lemak, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, a ganyen ayaba, don mahaifiyarta ta ce ba a barin baƙo da yunwa ko da maƙiyi ne. Ya zauna a kan tsohuwar taya yana ci.

"In tambaye ki wani abu? Su ukun ne suka rinjaye ki?"

"Abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ya fita. Amma nawa zan iya gaya maka. Ba wanda ya rinjaye ni."

Ya haɗiye lomar da ke bakinsa.

"Ko ɗan tausayi?"

"Na ji tausayinka. Ba shi aka tambaye ni ba."

Ya yi dariya har ya ƙware, ta miƙa masa ruwa.

Daga nan saƙonni suka fara zirga-zirga. Gasar ta kai shi Japan, ta kai shi Turai, ko'ina ya sauka sai ya rubuto.

"Alƙaliyata, yau na bi motar kariya zagaye shida kamar ɗan akuya a bayan uwarsa. Ban wuce kowa ba. Ina neman lada."

"Ba a ba da lada don bin doka, Abang."

"Kin ce Abang, kamar yadda mace ke kiran masoyinta. Ya ishe ni lada."

Ta kife wayar a kan tebur, ta daɗe tana kallon shafi ɗaya na takardar da ke gabanta.

Da ya dawo hutu suka riƙa haɗuwa a wani shagon shayi a bayan kasuwar Nilai, ƙanwar mahaifiyarta na zaune a teburin kusa tana cin gurasa, tana yi kamar ba ta ji. Can ya gaya mata yana son turo manya.

Kamarul ya ce a'a tun kafin ta rufe baki.

"Shekara talatin ina gyara baburan da hatsari ya hana masu su dawowa su karɓa. In ɗauki 'yata in ba wanda gudu ne abincinsa? Kuma mutanensa ne suka zage ki, Hazira. Fenti yana goguwa, ban da abin da na karanta."

"Ayah, ba shi ya rubuta ba," ta ce, da sunan da suke kiran uba.

"Bai kuma fito ya ce su daina ba."

A can gidan su Izwan abin ya fi zafi. Mahaifiyarsa, Puan Rohaya, ita ta sayar da gonar kwakwar manjan da ta gada don ya koyi tsere yana yaro, kuma daga hannunta aka zare kofin.

"Duk matan ƙasar nan ka rasa sai wadda ta tozarta ni a gaban kyamara? Ga Farisha nan, yarinyar da ta san darajarka."

Farisha 'yar attajirin da ke ɗaukar nauyin ƙungiyar ce, ita ke shirya wa Izwan hira da 'yan jarida, kuma ta daɗe tana jiran ya gane abin da kowa ya gane. Wata rana ta zo ofishin Hazira da kanta, da fara'a da kwalin kek.

"Mace ce ni, shi ya sa na zo," ta ce. "Kin san wa ya ba Izwan lambarki? Shugaban ƙungiya. Cewa ya yi ya matso kusa da ke, ya jiyo abin da aka faɗa a ɗakin alƙalai, ko a samu abin fallasa su. Ina wurin. Izwan ya ce to."

Hazira ta gode mata, ta raka ta har bakin ƙofa. Sannan ta rubuta wa Izwan: "Wa ya ba ka lambata?"

Amsa ta daɗe kafin ta zo.

"Shugaban ƙungiya. Sayang, masoyiyata, ki bari in yi bayani. Na ce masa to don in samu lambar. Ban taɓa kai masa ko kalma ɗaya ba."

"Amma ka tambaye ni, ranar fenti."

"Don kaina na tambaya. Wallahi."

"Mai yiwuwa. Ba ni da hanyar sani. Kada ka sake rubuto mini."

Ya rubuto, ba ta buɗe ba. Mako bai cika ba hotonsu a shagon shayi ya fito a jaridu. Waɗanda suka ce ta ci amanar ɗan ƙasa suka koma cewa ashe rikicin masoya ne aka yi wa hukunci. Hukumar tsere ta dakatar da ita har a bincika. Ta tattara katin shiga filinta ta miƙa, ta koma Nilai tana taya mahaifinta lissafin kayan gyara.

Tana shagon da la'asar, talabijin na kunne a saman kanta, aka nuna taron 'yan jarida kafin tseren ƙarshe na shekara. Izwan na zaune, Farisha a tsaye a bayansa da takarda a hannu. Wani ya tambaye shi batun hoton. Bai dubi takardar da ta ajiye masa ba.

"Na wuce shi kafin layi," ya ce. "Na gani da idona a lokacin. Injiniyana ya ce a rediyo in mayar da gurbin, na yi kamar ban ji ba. Hukuncin daidai ne, kuma na bar mace ɗaya ta sha zagin da ni na jawo, saboda ina jin daɗin a ce an zalunce ni. Ƙungiyata ta nemi in bugi cikinta, na ce to, ban yi ba, amma na ce to. Ba ta san ni ba sai bayan hukunci. Wanda ke da sauran zagi ya kawo nan."

Kamarul ya ajiye sifanar da ke hannunsa.

"Yaron nan ya san abin da ya yi wa kansa kuwa?"

"Ya sani, Ayah."

Ya sani ɗin. Attajirin ya janye kuɗinsa, ƙungiyar ba ta sabunta kwantiraginsa ba, sai wata ƙaramar ƙungiya mai motocin da ba sa wuce na goma ce ta ɗauke shi. Hukuma ta wanke Hazira, amma da sharaɗi: in dai akwai wata alaƙa tsakaninsu, ba za ta sake zama alƙaliya a tseren da yake ciki ba. Ma'ana babbar kujerar da ta yi shekaru tana nema.

Ta yi kwanaki tana auna abin kamar yadda ta saba auna komai. Sannan ta buɗe saƙonninsa, ta karanta su duka daga na farko, ta rubuta:

"Abang, na ga hirar. Ka yi latti, amma na karɓa. Ayah ya ce ranar Lahadi yana gida."

"Kujerarki fa, sayang?"

"Akwai tseren babura. Su ma suna karya doka."

Kamarul bai ce ya sauya ra'ayi a kan gudu ba. Abin da ya ce wa Izwan kawai shi ne, mutumin da zai iya tona wa kansa asiri a gaban duniya ba zai ɓoye wa matarsa komai ba, kuma duk ranar tsere ya kira gida kafin ya cire hular kwano.

Puan Rohaya ce ta ƙarshe. Wata guda ba ta yi wa ɗanta magana ba. Amma ranar kai zobe ita ta shigo gaba da tiren ganyen sirih, wanda al'adarsu ke sa a kai gidan amarya, a hannu, fuska ba yabo ba fallasa. Ta kama hannun Hazira, ta juya shi tana dubawa kamar mai taya kaya a kasuwa, sannan ta zura zoben.

"Ban taɓa jin ɗana ya ce ya yi kuskure ba, tun yana goye," ta ce. "Ban san me kika yi masa ba."

"Ban yi masa komai ba, Mak Cik."

"Ni ba goggo ba ce. Mak za ki ce, kamar yadda ɗana ke kira na."

An ɗaura auren a masallacin unguwarsu a Nilai bayan ƙaramar salla. Izwan, wanda ba ya ƙifta ido a gudun da ya fi na iska, sai da liman ya sa shi maimaita kalmar karɓar aure don ya rikita ta, makanikan sabuwar ƙungiyarsa na ta ƙunshe dariya a sahun baya. Washegari aka kafa rumfuna tun daga ƙofar shago har kwanar titi, aka girka rendang, naman da ake dafawa da madarar kwakwa, a manyan tukwane, masu ganga suka rako ango. Aka zaunar da su biyun a kan karagar amare cikin tufafi masu ruwan zuma iri ɗaya, dangi na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yayyafa musu ruwan wardi da shinkafa a tafin hannu.

Da layi ya zo kan Puan Rohaya, ta yayyafa wa ɗanta kaɗan, ta juye sauran a hannun amarya. Ta sunkuyo kusa da kunnenta.

"Taurin kai gare shi, daga wurina ya gada. Kada ki sassauta masa."

"Ba zan sassauta ba, Mak."

"Me kuke cewa?" in ji Izwan.

"Ba da kai ake ba," suka ce tare.

Tsohuwar ta miƙe, ta ɗora tafukanta a kan kawunansu biyu, ta ce Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuri'a mai albarka, ya dawo mata da ɗanta gida duk inda ya fita. Kamarul, daga inda yake tsaye a bakin rumfa, shi ya fi kowa ɗaga murya da amin.