Ita Nake Nufi

"Sannu, ina katinka?"

Afiniki ta ɗago ta dubi jami'in tsaron da ke ƙofar ma'aikatan filin jirgi. Tun da ta baro Gidan Waya ta kama aikin sharar jirgi a birni, ba wanda ya ce mata "ka". Nan take ta san ɗan gida ne, irin mutanenmu da mace da namiji duk "shi" ne a bakinsu.

"Kai ɗan ina ne?"

"Godogodo. Sunana Gershon."

Daga duba kati aka koma duba waya. Kullum da rana saƙonsa na shigowa: "Tauraro na, ka ci abinci? In ba ka ci ba, ni ma azumi ne."

A ƙa'idar binciken ma'aikata, mace ce ke laluben mace. Ogan su Gershon kuwa ya mai da ƙa'idar abin dariya. Wata safiya ya ce an saci turare a jirgi, ya ja Afiniki ɗakin bincike, ya sa Gershon gadin ƙofa. Ƙofar ba ta rufu duka ba. Gershon ya gani, ya ji muryarta tana roƙo, tsoro ya daskarar da shi. Ta fito da ɗankwali a hannu, ko kallonsa ba ta yi ba.

Da labari ya kai gida, mahaifinta Baba Azariya ya ƙi jin maganar aurenta da Gershon, ya ce, "Mutumin da ya tsaya yana kallo? Sai bayan raina. Ga Francis malamin makaranta yana jira."

Da, duk ƙarar da aka kai, teburin Oga take komawa ta mutu. Amma da kukan mata ya yi yawa, aka kafa kwamiti na mutanen waje, Afiniki ma ta kai tata ƙarar. Gershon ya ba da shaida a ɓoye, an kuma hana ambaton sunan masu ƙara.

"Oga ya kai shi ɗaki," ya ce, "ya taɓa shi ko'ina, yana kuka."

Shugaban kwamitin lauya ne haifaffen Kano. Abin da kunnensa ya ji shi ne namiji ya lalube namiji, kuma wannan ba laifi ba ne. Aka sanar da Afiniki cewa shaida bai ga mace ba.

Ta tura wa Gershon saƙo: "Ka sayar da ni saboda kaki. Kada ka ƙara kira na."

Gershon ya yi ta juya maganar har ya gane bakinsa ne ya kashe shi. Ya koma ya roƙa. Aka ce zaman ɓoye ya ƙare, sai dai a fili, gaban Oga. Ya san abin da hakan ke nufi, ya ce ya yarda.

Ranar zaman ya miƙe, Oga na harararsa.

"Ranka ya daɗe, Hausa na ne ya karkace. Ita nake nufi. Mace ne. Na gani da idona, kuma na yi shiru."

Afiniki ta kife kanta a cinya ta fashe da kuka.

Oga dai canjin wurin aiki kawai aka yi masa. Gershon kuwa, kafin wata ya mutu, an nemo masa laifin makara an kore shi. Abin ya yi ciwo, har yau ma yana yi.

Ya koma gida noman citta. A can saƙonta ya same shi: "Baban gida, ka ci abinci?"

An ɗaura aurensu a cocin Gidan Waya, matan zumunta na kaɗa tulu suna guɗa. Baba Azariya ya kamo hannun ’yarsa, ya daɗe bai sake shi ba, sannan ya dubi Gershon.

"Yarona, ka yi shiru sau ɗaya. Kada ka ƙara."

"Ba zan ƙara ba, Baba."

Tsohon ya ɗora hannunta a na Gershon. "To, Ubangiji ya tsare ku, ya ba ku salama."

Coci ta amsa da amin.