Takalmin Aro

"Sake faɗa, Rashidu! Rantsuwa ce, ba cinikin albasa ba!"

Wata uku ke nan Khaulat tana koya wa mijinta magana ɗaya ta wasan kwaikwayo. Ita ta mayar da wasan zuwa Hausa, wani tsohon wasan ban dariya na Girkawa, inda mata suka rufe wa mazansu ƙofar ɗaki sai an daina yaƙi. Ita kam ba don dariya ta yi ba. Bara aka kawo jakar yayanta Umaru daga bakin daga, ba a kawo Umarun ba.

"Na rantse, sanyin idona, na ajiye makami," in ji Rashidu, yana kallon ƙafarsa.

Takalmin soja ne a ƙafar, ya ce aro ya yi saboda wasan. Kansa ma ya aske ƙwal, saboda wasan. Khaulat har yabonsa take yi wajen ƙawaye: mai sayar da kayan babur ya zama ɗan teyatur, ɗan wasan dandamali.

Ranar wasa, bayan la'asar, surukarta Inna Kadi ta leƙo bayan labule da ƙullin leda.

"'Yata, ga gari da ƙuliƙuli, ki sa masa a jaka. An ce abincin can sai a hankali."

"Can ina, Inna?"

Tsohuwar ta kama baki. "Au... bai gaya miki ba? Gobe fa motar sababbin sojoji za ta tashi..."

Aka ja labule.

Da aka zo ƙarshe, Rashidu ya durƙusa a gaban rabin mutanen Gaya ya yi rantsuwar. Yau ya faɗe ta daidai, har da rawar murya. Nan ne ya kamata Khaulat, mai fitowa a matsayin matarsa a wasan, ta miƙa hannu ta tashe shi.

Ba ta miƙa ba.

"Takalmin na wane ne?"

"Khaulat... babu wannan a takarda," ya raɗa mata.

"Na ce na wane ne?!"

"Nawa ne... Wallahi bayan wasa na so in gaya miki..."

Jama'a suka tuntsire da dariya. Wata ta yi ihu, "Kar ki yarda, Madam!"

Khaulat ta ɗauko ƙullin ta ajiye a gabansa.

"Ga guzurinka, in ji Inna. Rantsuwar ta yi kyau."

Washegari ya daɗe yana buga ƙofar ɗakinta. "Masoyiya, ko kallo ɗaya..."

Ta zauna ta jingina bayanta da ƙyauren, hawaye na zuba, ba ta buɗe ba. Matan Girka sun rufe ƙofa yaƙi ya tsaya. Ita ma ta rufe tata, motar ta tashi a kan lokaci.