Minti Na Uku A Shagon Agogo

"Na ce ba za a saka ba! Sau nawa zan faɗa maka?"

Auta ta rufe kwamfutar da ƙarfi, har ƙananan kusoshin da ke cikin faranti suka yi tsalle. Mai Kyamara ya janye hannu da sauri, don saura ƙiris murfin ya datse masa yatsa.

"Haba sarauniyata, ki duba kawai mana. Dubawa ai ba yarda ba ce."

Shagon gyaran agogo ne na Baba, ɗaki ɗaya da tebur biyu, bango cike da agogo, kowanne yana nuna lokacin da ya ga dama. Baba ya tafi gida cin abincin rana, shi ya sa suka samu bakin faɗa. Wata tara ke nan da Auta ta buɗe tashar bidiyo tana nuna yadda ake farfaɗo da tsofaffin agogo, don jama'a sun koma duba lokaci a waya, shagon kuma ya fara zama wurin hamma.

Shi kuwa saurayin, agogon hannunsa ya kawo gyara, ya tarar ta jingine waya da kofi tana ɗaukar bidiyo, ya ce zai ara mata kyamara na kwana ɗaya. Kwana ɗayan nan har yau bai ƙare ba, agogon ma ba wanda ya sake tayar da zancensa. Baba ne ya laƙaba masa Mai Kyamara, kuma kowa a layin ya san ba agogo ke kawo shi ba.

A hankali ya sake ɗaga murfin, ya nuna mata wani layi da ke gangarowa a allon.

"Wannan layin masu kallo ne. Minti na ɗaya suna nan, na biyu suna nan... na uku, kin gani? Sun watse kamar an kora kaji. Bidiyo talatin da biyu, duk a wuri ɗaya! Mabiya ɗari tara, wata uku ba su motsa ba. Me ke faruwa a minti na uku?"

Ta kawar da kai, don ta fi shi sani. A minti na uku ne Baba ke gama buɗe agogo ya ɗauki hantsaki, a nan ne kuma hannunsa na dama ke fara rawa. Shekara biyu ke nan. Sai ta yanke wurin, ta karɓi aikin ta ƙarasa a ɓoye, mai kallo ya ga agogo a buɗe, sai kuma ya gan shi a rufe yana tafiya.

"Mutane ba wawaye ba ne, Auta. Aiki suka zo gani, kina ba su kai da ƙafa babu ciki. Ki bar rawar hannun. Ki bari a ga ya miƙo miki hantsakin. Wallahi tashar nan za ta tashi, shagon ma ya tashi."

"Wato in tallata ciwon ubana don a danna mana waya?"

"Ban ce haka ba..."

"Haka ka ce! Shekara arba'in yana kan teburin nan, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Yau ni 'yarsa zan nuna wa duniya ya kasa riƙe kusa?"

"To bari in tambaye shi da kaina."

Ta miƙe tsaye, idonta ya kaɗa.

"Ranar da ka buɗe baki ka yi masa maganar hannunsa, ranar ni da kai mun gama. Kuma ka san ni."

Ya san ta kuwa. Auta ba ta iya barazanar banza ba, tun tana ƙarama in ta ce ta fasa, ta fasa. Ya rataya jakarsa.

"Duk abin da na ɗauka yana wurina, ba mai gani sai kin ce. Amma kina kuskure, masoyiyata. Ina sonki, shi ya sa ba zan ce miki daidai ne ba."

Ya fita ya bar mata kyamarar a kan ƙafafunta uku.

Kwana huɗu bai leƙo ba, ita ma ba ta kira ba. Ta ɗauki bidiyo ɗaya da kanta, ya fito a karkace, rabin kan Baba babu. Ta riƙa gaya wa zuciyarta ita ce da gaskiya, zuciyar tana amsawa da to, amma duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar shago sai ta ɗago kai. Kewarsa take yi, kewa mai ciwo, ga haushin kanta na yin kewar.

Ran na biyar da safe, tana share tebur, ta ji Baba ya yi gyaran murya. Tabarau a kan hanci, waya a hannun hagu.

"Auta, zo ki ji abin da wani ya rubuta mana."

"Baba, yaushe ka fara kallon tashar?"

"Tun ranar da yayarki ta saka min. Kin ɗauka agogo kaɗai na iya buɗewa?" Ya matso da wayar kusa da ido, ya karanta a hankali. "Kullum sai an zo wurin aikin gaske a tsallake. Anya tsohon nan ya iya gyaran kuwa?"

"Baba, ka rabu da su, marasa aikin yi ne! Yanzu zan goge..."

"Ba shi kaɗai ba ne, na ƙirga goma sha ɗaya." Ya ajiye wayar. "Me ya sa kike yanke ni?"

Tsintsiyar ta suɓuce daga hannunta.

"Ina... ina rufa maka asiri ne, Baba."

"Asirin me? Sata na yi?" Ya ɗaga hannun, yana kaɗawa a gabansu su biyu. "Wannan tsufa ne, Allah ya ba ni, na gode masa. Rawar hannu ba ta taɓa ba ni kunya ba. Amma a ce ban iya ba? Wannan ya shige ni, 'yata. Kin ɓoye hannuna, kin ɓoye naki, to wa ya yi aikin ke nan? Aljani?"

Dariya da kuka suka haɗe mata lokaci guda. Ta durƙusa ta kama hannun, ta kifa goshinta a kai.

"Ka yafe min, Baba. Wallahi gani nake ina kare ka..."

"Na sani. Tashi ki kira min yaron nan. Tun da ya daina zuwa kike zuba min gishiri a shayi."

Ko rabin awa ba a yi ba sai ga Mai Kyamara, har da haki. Ya gaida Baba a durƙushe, ya saci kallon Auta, ita kuma ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

"Ka san hannuna yana rawa?" Baba ya tambaya.

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Ka kuma ɗauka a kyamararka?"

"Duka yana nan."

"Wa ka nuna wa?"

"Ba kowa. Ba nawa ba ne, Baba."

Baba ya jinjina kai, ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko wani agogo mai baƙar fata. Mai Kyamara ya zaro ido, don nasa ne, wanda ya kawo wata tara da suka wuce.

"Kunna kyamarar nan," in ji Baba. "A ɗauki komai. Kuma duk wanda ya yanke min ko daƙiƙa ɗaya, ni da shi ne!"

Aka kunna. Baba ya buɗe bayan agogon, yana bayani da muryar wanda ya san abin da yake faɗa: ga inda datti ya taru, ga sifirin, naɗaɗɗen ƙarfen da ke tafiyar da agogo, ya gaji, ga abin da mai gaggawa ke ɓatawa. Minti na uku ya zo. Ya ɗauki kusa da hantsaki, hannun ya fara rawa, kusar ta faɗi a faranti.

Baba ya dubi kyamara ido cikin ido.

"Kun gani ko? Shekara arba'in ya yi min aiki, yanzu ya nemi hutu. Amma kafin ya gaji sai da ya koyar da wani." Ya miƙa hantsakin. "Karɓi, Auta. Nuna musu."

Ta karɓa. Idonta cike da hawaye, amma hannunta ko gezau. Baba na faɗa, tana yi, har agogon ya ce ƙyas... ƙyas... ƙyas.

Wannan bidiyon ne ya kai su mabiya dubu ashirin kafin wata ya ƙare. Layin nan na masu kallo ya wuce minti na uku a miƙe, mutane suka fara aiko da agogon iyayensu daga nesa, har Baba ya koyi cewa "ku danna ku biyo mu" yana wani ɗaga gira. Amma wurin da aka fi maimaita kallo shi ne ƙarshe.

A nan ne Baba ya ɗago ya ce, "Kai, fito daga bayan abin nan. Miƙo hannunka."

Saurayin ya zagayo, ya miƙa, nasa hannun ma rawa yake yi.

"Wata tara ina riƙe da agogonka. Ba shi nake dubawa ba, mai shi nake dubawa. Na gama. Ka ce wa iyayenka ina son ganinsu."

"Baba..." Auta ta rufe fuska da tafin hannu.

Baba ya ɗora agogon a wuyan hannun saurayin, ya kama fatar zai ɗaura. Ta ƙi shiga. Ya sake, ta zame. Auta ta miƙo hannu da sauri kamar yadda ta saba shekara biyu.

"A'a," in ji Baba, yana murmushi. "Wannan ni zan ƙarasa."

Sai da ya gwada sau biyar. Kyamara na ɗauka, su biyun suna hawaye suna jira, kuma ba wanda ya yanke.